Yadda Ake Sarrafa Aikatau a Jimlar Turanci, Mataki Bayan Mataki

Mai koyon Turanci yakan tara kalmomi masu yawa tun kafin ya iya haɗa jimla guda wadda ba ta da tangarɗa, kuma idan aka bi diddigin kurakuransa za a tarar cewa mafi yawansu a kan aikatau suke taruwa. Dalilin haka yana bayyana da zarar an jera harsunan biyu kusa da juna. A Hausa muna cewa "ya rubuta", "zai rubuta", "yakan rubuta", kuma 'yar kalmar da ke zuwa kafin aikatau ita ce ke gaya mana wanda ya yi aikin da lokacin da aka yi shi, shi kuwa aikatau ɗin bai motsa ba. Turanci ya ɗora wannan nauyi a kan aikatau kansa da kan mataimakansa, wato ƙananan kalmomi irin su "do", "have" da "will" masu zuwa kafinsa, shi ya sa mai tunani da Hausa yake neman alamar lokaci a inda ba a ajiye ta ba. Duk matakan da ke tafe sun rataya ne a kan ƙa'ida ɗaya: a jerin aikatau na Turanci kalmar farko ce kaɗai take ɗauke da lokaci, ita ce kuma take dacewa da aikau, wato mai yin aikin ko wanda ake magana a kansa, sauran masu biye mata kuwa kowace tana karɓar surarta daga wadda ta gabace ta.

Mataki na farko: gano ƙashin bayan jimla

A nan Hausa da Turanci sun yi tarayya, domin dukansu suna fara kawo aikau, sannan aikatau, sannan karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa. "The girl opened the door" ta bi sawun "yarinyar ta buɗe ƙofar" kalma bayan kalma, in ban da abu ɗaya, wato "ta" ɗin nan da Hausa ba ta iya yarwa. Turanci ba ya maimaita aikau da wakilin suna, saboda haka "The girl she opened the door" kuskure ne a daidaitaccen rubutu, kuma shi ne abu na farko da ya kamata mai koyo ya raba hannunsa da shi. A ɗaya ɓangaren kuma, jimlar Turanci ba ta tsayawa babu aikau sai a umarni, ko da kuwa babu wani mai aikatawa na zahiri. Muna cewa "ana ruwa" ko "akwai matsala", amma Turanci sai ya cike gurbin da "it" ko "there", a ce "It is raining" da "There is a problem". Haka nan ba ta tsayawa babu aikatau. Inda Hausa take rufe magana da "ne" ko "ce", kamar "shi likita ne", Turanci yana bukatar ɗaya daga cikin surorin "be" a tsakiya: "He is a doctor".

Abin da ke biyo bayan aikatau shi ke raba jimlolin Turanci zuwa 'yan gidaje kaɗan. Akwai aikatau ƙi-karɓau, wanda ke tsayawa shi kaɗai, kamar "The baby slept". Akwai so-karɓau, wanda magana ba ta cika sai an ambaci abin da aikin ya faɗa wa, kamar "She bought a pen". Akwai wanda aikinsa kawai ya haɗa aikau da sifarsa, irin su "be", "seem", "become", "look" da "feel", kuma sifa ce ke bin su, shi ya sa ake cewa "He looks angry", ba a cewa "angrily". Akwai kuma mai karɓau biyu, wanda ake iya shiryawa ta hanya biyu: "She gave the boy a book" ko "She gave a book to the boy". Sai dai ba kowane aikatau ne ke yarda da hanyar farko ba. "Explain", "describe" da "suggest" suna bukatar "to" kafin mutumin, don haka "Explain it to me" ake cewa, "Explain me it" kuwa ba Turanci ba ne. A kuma kiyaye cewa ba a cika raba aikatau da karɓansa da wata kalmar bayani ba: "He speaks English well" ce daidai, ba "He speaks well English" ba.

Mataki na biyu: haddace surorin aikatau

Kusan kowane aikatau na Turanci surori 5 yake da su, kuma "write" yana nuna su duka a fili: "write", "writes", "wrote", "written", "writing". Don sauƙin magana bari mu kira su tushe, mai "-s", sura ta biyu, sura ta uku, da mai "-ing". Aikatau masu bin ƙa'ida suna haɗe ta biyu da ta uku a sura ɗaya mai ɗafa-ƙeyar "-ed", kamar "worked". "Be" ne kaɗai ya fita daban da surori 8: "be", "am", "is", "are", "was", "were", "being", "been".

Ita "-ed" rubutunta ɗaya ne amma lafazinta uku. A "walked" da "stopped" sautin "t" ake ji, a "played" da "called" sautin "d", kuma sai a bayan "t" ko "d" ne take zama gaɓa mai zaman kanta, kamar a "wanted" da "needed". Wajen rubutu, gajeren aikatau mai ƙarewa da wasali ɗaya da baƙi ɗaya yakan ninka baƙin, "stop" ya zama "stopped", sannan "y" da ke bayan baƙi tana komawa "i", "study" ya zama "studied", alhali "play" bai canza ba domin wasali ne ya gabaci "y" ɗinsa.

Marasa bin ƙa'ida sun kai kimanin 200, kuma abin lura shi ne cewa waɗanda aka fi bukata kullum, irin su "be", "have", "do", "say", "go", "get", "make", "know", "take" da "see", duk a cikinsu suke. A ganina haddace su bisa jerin abacada ɓata lokaci ne. Ya fi a tara su dangi-dangi a riƙa faɗar kowane da surorinsa uku a numfashi ɗaya. Wani dangi ba ya canzawa sam, kamar "cut", "put", "hit", "let", "shut". Wani yana haɗe ta biyu da ta uku, kamar "buy, bought, bought", "keep, kept, kept", "send, sent, sent". Wani yana sauya wasali sau uku, "sing, sang, sung", "begin, began, begun", "drink, drank, drunk". Na ƙarshe kuma yana rufe sura ta uku da "n", kamar "speak, spoke, spoken" da "take, took, taken". "Go" ya ɗauki "went" ne daga wani tsohon aikatau daban, wato "wend", shi ya sa ba su yi kama ba ko kaɗan.

Mataki na uku: koyon dokar jeri

Wannan shi ne zuciyar al'amarin. Turanci yana jera mataimakan aikatau kafin babban aikatau, kuma kowane mataimaki yana tilasta wa na bayansa sura ta musamman. Bayan "do", "does" da "did", tushe ne ke zuwa. Bayan "can", "could", "may", "might", "shall", "should", "will", "would" da "must", nan ma tushe ne, ba tare da "to" ba. Bayan "have", "has" da "had", sura ta uku ce. Bayan kowace surar "be" kuwa hanya biyu ce: idan aikau shi ne yake yin aikin sai a kawo mai "-ing", idan kuma shi aka yi wa aikin sai a kawo sura ta uku.

Da wannan doka kaɗai ake warkar da kurakurai masu ɗimbin yawa. Mai cewa "He didn't came" ya sa alamar shuɗewar lokaci sau biyu, alhali "did" ta riga ta ɗauke ta, don haka "He didn't come" ce daidai. Mai cewa "She can sings" ya ɗora "-s" a kan kalmar da ba ta farko ba. Mai cewa "I have went" ya ba "have" sura ta biyu a maimakon ta uku, abin da take nema shi ne "I have gone". Ko jerin ya yi tsawo dokar ba ta sauyawa. A duba "The letter might have been sent". "Might" ta nemi tushe, sai aka sami "have". Ita kuma "have" ta nemi sura ta uku, sai aka sami "been". Shi kuma "been", da yake wasiƙar ba ita ta aika kanta ba, ya nemi sura ta uku, sai aka sami "sent". Wanda ya saba warware jimla ta wannan hanya zai daina ganin dogon jeri a matsayin abin da ake haddacewa, zai gan shi kamar sarƙa wadda kowane zobe yake riƙe da na kusa da shi.

Mataki na huɗu: daidaita aikatau da aikau

Aikin nan ba shi da yawa, domin in ban da "be", a lokacin yanzu wuri ɗaya kawai aikatau yake canzawa, wato idan aikau tilo ne kuma ba "I" ko "you" ba. Abin da ke rikita mutane shi ne cewa "-s" a jikin suna alamar jam'i ce, a jikin aikatau kuwa alamar tilo ce: "The boy works", amma "The boys work". Wahalar tana ƙaruwa idan wasu kalmomi suka shiga tsakani. A "The box of old letters is missing", akwatin ne ya ɓace, don haka "is" take dacewa da "box", ba ruwanta da "letters" duk da cewa ita ce mafi kusa. "Everybody", "each" da "nobody" tilo ne a nahawu. "News", "information" da "advice" ma "is" suke ɗauka, "people" da "police" kuwa "are". Sunayen taro kamar "team" da "government" suna iya ɗaukar tilo ko jam'i a Turancin Birtaniya, amma a na Amurka tilo aka fi amfani da shi.

Mataki na biyar: zaɓen lokaci

A nan ne ya kamata a daɗe, domin a nan ne fassara kai tsaye daga Hausa ta fi yin ɓarna. Mafi sauƙi shi ne lokaci sabau. Abin da muke faɗa da "yakan", ko da "yana" idan al'ada muke nufi, Turanci yana faɗarsa da tushe ko mai "-s": "She teaches every day". Abin da ake cikin yi a daidai wannan lokaci kuwa "be" da mai "-ing" yake ɗauka: "She is teaching now". Matsalar ita ce "yana" ta Hausa ta fi "is" da "-ing" faɗi. Muna cewa "ina da mota", "ina son wannan littafi", "ina bukatar taimako", sai mai koyo ya ce "I am having a car", "I am needing help". Aikatau masu nuna hali ko mallaka ko abin da ke cikin zuciya, irin su "have", "own", "need", "want", "like", "know", "believe", "understand" da "belong", ba su cika ɗaukar "-ing" ba. "I have a car" ake cewa, da "I need help". Idan aka ji "I am having lunch", to "have" a nan ci take nufi, ba mallaka ba.

Akwai kuma tarko na biyu da ke fuskantar ɗaya gefen. Hausa tana faɗar wasu halaye na yanzu da shuɗaɗɗen lokaci: "na sani", "na gane", "na yarda", "na gaji". Ma'anarsu ta yanzu ce, don haka Turancinsu shi ne "I know", "I understand", "I agree", "I am tired". Wanda ya ce "I knew" ya nuna cewa a da ne ya sani.

Sai babban rabon da Hausa ba ta yi ba, tsakanin "I wrote" da "I have written", waɗanda dukansu "na rubuta" ne a wurinmu. Hanyar rarrabewa ita ce a tambayi kai: shin an ambaci lokacin da ya riga ya rufe? Idan akwai "yesterday", "last week", "in 2019" ko "two days ago", to sura ta biyu ce babu makawa, kuma "I have seen him yesterday" kuskure ne. Idan kuwa ba a damu da yaushe aka yi ba, sakamakon aikin ne ake dubawa a yanzu, ko kuma lokacin bai ƙare ba tukuna, sai a ɗauki "have" da sura ta uku. "I have lost my key" tana nufin har yanzu ban same shi ba. "Have you ever travelled by sea?" tana tambayar duk tsawon rayuwar mutum zuwa yau, daidai da "ka taɓa" ta Hausa. Amurkawa sukan ce "I just ate" a inda mutanen Birtaniya suka fi cewa "I have just eaten", kuma duka biyun karɓaɓɓu ne.

Wannan tsari ne kuma ake amfani da shi ga abin da ya fara a baya yake ci gaba har yanzu, inda Hausa take amfani da lokaci mai ci. "Ina aiki a nan tun 2015" ba ta zama "I am working here since 2015", sai dai "I have worked here since 2015" ko "I have been working here since 2015". "Since" tana tafiya da mafarin lokaci, "for" kuma tana tafiya da tsawonsa: "since Monday", amma "for three days".

Wani abin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne cewa "yana" ba ta canzawa ko da labarin na jiya ne. Muna cewa "yana barci lokacin da na shigo", mahallin magana ne ke nuna cewa abin ya wuce. Turanci ba ya barin wannan ga mahalli, dole kalmar farko ta jerin ta nuna shi: "He was sleeping when I came in". Shi ya sa mai ba da labari da Turanci yake bukatar ya tsare kowace jimla, domin da zarar ya sakankance sai ya tarar ya fara da "was" ya koma "is". Idan kuma abubuwa biyu suka faru a baya ana son nuna wanda ya riga, sai a kawo "had" da sura ta uku: "The train had left before we arrived". Ba a amfani da "had" don kawai abu ya daɗe da faruwa, sai idan akwai wani abin da ake auna shi da shi.

Lokaci mai zuwa hanyoyinsa uku ne aka fi bi. "Will" ta dace da alkawari, hasashe, da shawarar da aka yanke nan take. "Going to" ta dace da niyyar da aka riga aka ƙulla, ko abin da alamarsa ta bayyana. "Be" da mai "-ing" kuma suna nuna shirin da aka tsayar da lokacinsa, kamar "We are meeting on Friday". Amma bayan "when", "before", "after", "until" da "as soon as", ba a kawo "will" ko da maganar gobe ake yi: "I will call you when I arrive".

Mataki na shida: korewa da tambaya

Dukansu biyu da kalmar farko ta jerin ake yin su. Don korewa sai a sa "not" a bayanta, don tambaya kuma sai a ɗauko ta a kai gaban aikau: "She has finished" ta zama "She has not finished" da "Has she finished?" Idan jimlar ba ta da mataimaki sai a aro "do", ita kuma ta karɓe lokacin da "-s" ɗin, babban aikatau ya koma tushe: "He works" ta zama "Does he work?" "Be" ba ta bukatar aro, da kanta take tsallakawa: "Are they ready?" Tun da Hausa tana iya mayar da jimla tambaya da karin murya kawai ko da "shin", wannan juyin yana bukatar atisaye na musamman har baki ya saba.

Wurare biyu ne juyin ba ya aukuwa. Idan kalmar tambayar ita ce aikau, ba a kawo "do": "Who broke the window?" Haka kuma idan tambayar tana cikin wata jimlar, tsarin bayani take bi: "Do you know where he lives?", ba "where does he live" ba.

Kalmomin "kowa" da "komai" suna aiki a tabbatarwa da korewa duka, amma Turanci ya raba su. "Ban ga kowa ba" ita ce "I didn't see anybody" ko "I saw nobody", kuma daidaitaccen Turanci ba ya haɗa "not" da "nobody" a jimla ɗaya. Amsar korarriyar tambaya ma tana da haɗari. Idan aka tambaye mu "ba ka je ba?" muna iya cewa "e, ban je ba", domin maganar mai tambaya muke gaskatawa. A Turanci amsar tana bin abin da ya faru, don haka wanda bai je ba zai ce "No, I didn't". Ita kuma "ko ba haka ba?" sura ɗaya gare ta a Hausa, amma takwararta ta Turanci tana maimaita mataimakin jimlar tana juya shi: "You can swim, can't you?", "She left, didn't she?" Liƙa "isn't it" a ƙarshen kowace jimla ba daidai ba ne.

Mataki na bakwai: sanin abin da kowane aikatau yake jawowa

Idan aikatau biyu suka haɗu, na farko ne ke zaɓa wa na biyu sura, kuma babu wata ƙa'ida gamammiya sai sabo. "Want", "decide", "hope", "refuse" da "promise" suna jawo "to" da tushe. "Enjoy", "avoid", "finish", "mind" da "suggest" suna jawo mai "-ing". "Make" da "let" suna jawo mutum sannan tushe tsurarsa: "They made him wait". "Ina so ka zo" ita ce "I want you to come", ba a gina ta da "that". Wasu kuwa suna karɓar duka biyun amma ma'ana ta canza. "He stopped talking" ya yi shiru ke nan, "He stopped to talk" kuwa ya dakata ne don ya yi magana. Bayan 'yan kalmomi irin su "in", "of", "for", "without" da "after", kullum mai "-ing" ce, kuma "to" ɗin da ke cikin "look forward to" da "be used to" irinsu ce, shi ya sa ake cewa "I look forward to seeing you". A rarrabe "I used to walk", wato a da nakan yi tafiya a ƙasa, da "I am used to walking", wato na saba da ita.

Shawarata ita ce kada a taɓa rubuta sabon aikatau shi kaɗai a littafin ajiye kalmomi, a rubuta shi tare da abokin tafiyarsa: "listen to", "wait for", "depend on", "reply to". A kuma yi wa waɗanda ba sa son rakiya alama, kamar "discuss", "reach", "marry" da "enter" idan shiga wuri ake nufi. Aikatau masu wutsiya irin su "turn off" da "pick up" suna sa wakilin suna a tsakiya: "Turn it off".

Akwai kuma inda kalma ɗaya ta Hausa take rabuwa gida-gida. "Ji" tana iya zama "hear", "feel", "smell" ko "understand", gwargwadon abin da aka ji. "Na ari littafi" ita ce "I borrowed a book", "na ara masa littafi" kuwa "I lent him a book", saboda haka mai roƙon aro "Lend me" zai ce. "Tell" mutum ne ke bin ta kai tsaye kamar "gaya wa", "say" kuwa maganar ce ke bin ta kamar "ce". Daga cikin mataimaka, wanda ya fi bukatar kulawa shi ne bambancin "must not", wadda hani ce, da "don't have to", wadda ke nufin ba dole ba ne.

Mataki na takwas: jimlolin da suka fi nauyi

Inda Hausa take cewa "an gina gadar a 1990" don ba a damu da maginin ba, Turanci yana ɗauko abin da aka yi wa aikin ya mayar da shi aikau: "The bridge was built in 1990". So-karɓau ne kaɗai ke shiga wannan tsari, don haka "It was happened" ba ta yiwuwa.

Jimlar sharaɗi kuma Hausa ta riga ta share mana hanya, domin mun raba "idan" da "da". Sharaɗin da zai iya cika, "idan ya zo zan gaya masa", shi ne "If he comes, I will tell him", kuma a lura cewa "ya zo" ba ta zama "came" ba. Abin da ya saɓa wa halin yanzu, "da ina da lokaci da na taimake ka", shi ne "If I had time, I would help you". Abin da ya wuce ba a iya dawo da shi, "da na sani da ban je ba", shi ne "If I had known, I would not have gone". Duk lokacin da magana ta ƙara nisa da gaskiya, aikatau yana ja da baya taki ɗaya. Irin wannan ja da baya ne ake yi wajen ruwaito maganar wani bayan "said": "I am busy" ta zama "He said he was busy", "will" ta koma "would", "can" ta koma "could".

Mataki na tara: duba abin da aka rubuta

Bayan an gama rubutu, a koma a ja layi a ƙarƙashin kowane aikatau da mataimakansa, sannan a yi wa kowane jeri tambayoyi uku a jere. Wane ne aikau, kuma kalmar farko ta dace da shi? Wane lokaci ake magana a kai, kuma kalmar farko ta nuna shi? Kowace kalma mai biye ta ɗauki surar da ta gabanta take nema? A ɗauki wannan misali: "My sister she is living in that house since five years. Last month she has decided moving, but she didn't found a new place." A jimlar farko an maimaita aikau, sai a cire "she". Zaman ya fara a baya yana ci gaba, sai "is living" ta koma "has lived", kuma tun da tsawon lokaci aka ambata sai "since" ta ba "for" wuri. A jimla ta biyu "last month" lokaci ne rufaffe, don haka "has decided" ta koma "decided", ita kuma "decide" tana jawo "to" da tushe. A ƙarshe "did" ta riga ta ɗauki lokacin, sai "found" ta koma "find". Abin da ya fito shi ne: "My sister has lived in that house for five years. Last month she decided to move, but she didn't find a new place."

Wannan bita ta fi amfani idan aka yi ta daban, bayan an gama tunanin abin da ake son faɗa, kuma a sati na farko ya wadatar a riƙa yi wa jimloli 5 kawai a rana. A riƙa ajiye kowane kuskuren da aka kama tare da gyaransa a shafi guda, a kuma rubuta lambar matakin da ya faɗa a ciki, domin bayan 'yan makonni shafin zai nuna matakin da ya kamata a koma a sake karantawa.